Hassia Mai Kunun Majinyata, da Sunan da Muka Ɓata Mata

Da an sallame sallar asuba, in ka biyo ta bayan manyan depon kayan Sinawa na Aubervilliers, nan gefen Paris, ka ɗaga kai, za ka ga wata taga can sama ta yi gumi da tururi, ko lokacin zafi ne ko lokacin ƙanƙara. Tagar Hassia ke nan. Tun jiya ta jiƙa shinkafarta. Tukwanenta na ƙasa ne, wutarta ƙasa-ƙasa, ba ta garaje, sai ƙwayar shinkafa ta narke ka neme ta ka rasa. Tukunyar wani ta sa ɗanyar citta, ta wani ta hana shi citta. Wani a jefa masa jar magaryar Sin, wani romon kaza da aka kwashe wa kitse tas, wani kunun gero tsura, ba sukari ba tsami. Kowane tarmos, gorar nan mai riƙe zafi, da ƙyallen da ta ɗaura masa a wuya, ja na wane, shuɗi na wance. Sannan ta jera su cikin keken cefane, ta sauko da shi matakala ɗaya-ɗaya tana zagin gwiwoyinta, ta shiga metro, jirgin ƙasan cikin gari. Kafin azahar ta zaga asibitoci da ɗakunan haya inda mutanenmu ke kwance, waɗanda aka kawo daga Yamai da Damagaram da Kano don a yi musu aiki, da waɗanda ciwo ya kayar a nan. Tun farkon shekarun dubu biyu haka take.

Ƙarshen watan nan za ta ajiye. Gwiwa ta ƙi, lokotoro, wato likita, ya ce in ta ci gaba da hawan benayen mutane, nan gaba ita za a riƙa ɗauka. Za ta koma gida Maradi. Bara ƙungiyarmu ta yi wa mutumin da ya sauya darduman masallaci walima, an yi jawabi, an ɗauki hoto, ni ma na ci shinkafar. Hassia kuwa ban ji wanda ya ce a tara ko kujera biyar saboda ita ba. Wannan bai dame ta ba, kuma da shi kaɗai ne da ban ɗauki alƙalami ba, don ni rubutu wahala yake ba ni, ɗan abin da na iya a kasuwa na tsince shi. Abin da ya hana ni zama shi ne, matar nan za ta koma garin da har yau ake cewa ta kashe mutum da yunwa. Ni Saley ina wurin da abin ya faru. Da idona na gani, kuma yau zan faɗa.

Amma ku fara sanin ko wace ce.

Hassia 'yar unguwar Mokoyo ce a Maradi. Ta biyo mijinta Dodo, Allah ya jiƙansa, wanda ke gadi a wani depon tufafi na Sinawa, ita kuma ta samu shara a wurin. Dodo ya kamu da gyambon ciki. Hassia ta yi abin da kowace matarmu za ta yi: ta ƙara mai, ta ƙara nama, ta ƙara yaji, wai ya samu ƙarfi. Yana ci yana murƙususu. Uwar mai depon, wata tsohuwa ƙarama da ake kira Madam Ju, wadda aikinta zama bakin ƙofa tana harara, ta ga kwanon rannan. Ta buɗe, ta shinshina, ta kalli Dodo, ta ce ya fiddo harshe. Dodo babba da shi ya fiddo harshe a gaban kwastomomi. Tsohuwa ta juya ga Hassia, da Faransancinta da bai fi na Hassia ba, ta ce, “Cikinsa wuta. Ke kina ƙara wuta. Kina son shi ko ba ki son shi?”

Hassia ta ce ranar kamar ta mare ta. Washegari tsohuwa ta zo da kunun shinkafa a kwano, Hassia ta ƙi karɓa, ta ce ba ta san abin da tukunyarsu ta taɓa dafawa ba. Tsohuwa ba ta yi fushi ba. Ta ja hannunta har shago, ta nuna mata sabuwar tukunyar ƙasa, ta ce to dafa da kanki, ni in tsaya a kanki. Dodo ya sha kunun nan, ya kwana lafiya, ya ƙara shekaru a duniya.

Daga nan suka ƙulla abin da ba zan kira shi ƙawance ba, don kullum faɗa suke. Tsohuwa ta ce, “A nan ƙashin alade ake sawa.” Hassia ta ce, “Ni kaza.” “A nan a zuba giyar shinkafa.” “Ni ba ni zubawa.” “To ba zai yi ba.” “Zai yi.” Sai su dafa su gani. Madam Ju tana da waɗansu littattafai da ta gada wurin ubanta, takardar ta yi ja don tsufa, da zanen ganyaye da kifi da saiwoyi. Ita ke karantawa, ta kwatanta da hannu da tari da riƙe ciki, Hassia ta riƙe a ka. Tsohuwa ta ce mata mutanensu sun yi ɗaruruwan shekaru suna rubuta abin da marar lafiya zai ci da abin da zai bari, har akwai wanda mai kula da girkin sarkinsu ya rubuta. A wurinsu kowane abinci da halinsa, wani zafi, wani sanyi, wani tsaka-tsaki, kuma kafin a kai ga magani tukunya ake fara tambaya.

Na sha zuwa birnin Gwanju na ƙasar Sin sayen kaya, na ga shagunan da ake auna wa mutum saiwa a sikeli don ya je ya yi miya, ban taɓa tsayawa na yi tambaya ba, hankalina na kan kwantena. Hassia da ba ta taɓa taka Sin ba ita ta gane cewa ai maganar kakarta ce. Mu ma muna da zafi da sanyi. Mu ma mun san tsamiya na sanyaya jiki, mun san abin da ake ba maijego, mun san abin da ba a haɗawa da nono. Bambancin, su sun rubuta, mu mun bar shi a bakin tsofaffi mata, kowace ta mutu ta tafi da nata. Ku nuna mini takarda ɗaya da aka rubuta yadda kakanninmu ke dama kunun mai zazzaɓi. Muna da masu digiri a kowane fanni a garin nan, ba wanda ya ga abin ya isa ya zauna a gaban tsohuwa da alƙalami.

Kada wani ya ce bokanci take yi. Hassia ba ta taɓa cewa tana warkarwa ba. Duk majinyacin da za ta kama, sai an tambayo mata lokotoro abin da ya halatta masa. Akwai wanda ta so ba citta aka ce maganin jininsa bai yarda ba, ta janye ba gardama, ta ce su suka buɗe cikin, su suka san abin da suka gani. Nata shi ne mutum ya samu abin da zai iya haɗiyewa, ya zauna masa, kuma ya ji ƙamshin gida a ciki. Ku tambayi Abdou direba, da sukari ya so cinye masa ƙafa, wa ya raba shi da shayin nan mai kauri kamar zuma. Zai ce muku ta zage shi tas a gaban matarsa, ta ce, “Kai ƙafar taka ce ba ka so ko tukin ne ya ishe ka?” Ku tambayi Biba, da aka yi wa fiɗa wajen haihuwa ba uwa ba ƙanwa a kusa, wa ke hawo mata bene da romo har ta yi arba'in. Suna nan da ransu, ba sai na ƙara gishiri ba.

To mu zo ga Lyon.

A shekarar dubu biyu da tara aka kawo Alhaji Siddiq, babban ɗan kasuwar Maradi, abokina tun muna dakon buhu. Ciwon daji ne a tumbi. An zaɓi Lyon ne don ɗiyarsa Nuriyya na karatu a can. Aka yi masa aiki, aka yanke abin da aka yanke, aka sallamo shi zuwa wani ɗaki da muka kama masa a unguwar Guillotière. Lokotoro ya ce cikin da ya rage kamar na jariri ne, ruwa-ruwa kawai, kaɗan-kaɗan, sai ɗinki ya kama. Abincin asibiti Alhaji ko kallonsa ba ya yi. Nuriyya yarinya ce, ga jarrabawa a gabanta. Ni na je na roƙi Hassia. Ta ce, “Alhaji Saley, mutanena na nan fa?” Ta raba su ga maƙwabta, ta nannaɗe tukunya ɗaya cikin zane, ta rungume ta a jirgin ƙasa har Lyon.

Allah ya sa unguwar akwai shagunan Sinawa, duk abin da take so ta samu. Alhaji ya fara sha. Yana sha yana tsiya. “Hassia, wannan ruwan wankin shinkafa ne ko an gama wankin?” Ta ce, “Alhaji, sha ka yi shiru, in ka warke ka yanka mini sa in ci a gabanka.” Ya yi dariya yana riƙe ɗinki. Ya rame, ba shakka ya rame, wa aka yanke wa tumbi ya yi ƙiba? Amma abin na zama. Ya fara tashi ya yi salla a tsaye. Ya fara neman salula yana yi wa yaran shagonsa faɗa.

Sai ƙanensa Alhaji Ilya ya sauka daga Maradi dubiya.

Kun san mu da dubiya. Ba a zuwa wa babban mutum hannu sake, kuma ba a zuwa masa da abu marar nauyi. Girman mutum a girman ƙunshinsa ake gani. In ka kai nama ka girmama shi, in ka kai kunu ka raina shi, ko kuma ka fidda rai da shi. Hajiya Zouera, matar Alhaji, ba ta samu biza ba. Me za ta aiko in ba hannunta ba? Ta zauna ta yi masa dambun nama irin wanda yake so, ta sa aka yi kilishi mai kyau, ta daka yaji, ta cika kwalba da man shanu. Ilya ya cusa su cikin tufafi ya wuce da su filin jirgi, yana alfahari da hakan.

Ya shigo ya tarar da Hassia na ba wansa kunu a cokali. Ko gaisuwa bai gama ba ya ce, “La'ilaha! Yaya Siddiq ne wannan? Mutumin da unguwa ke ci a ƙofarsa, shi ake ba ruwan shinkafa kamar ɗan kaso? Ke wace ce?”

Ta ce, “Ni mai dafuwa ce. Sannu da hanya.”

Ya kwance ƙunshi, ɗaki ya ɗauki ƙamshi. Na ga idon Alhaji. Hassia ma ta gani. Ta ce, “Alhaji Ilya, wannan kayan ka kai shi ɗakin Nuriyya. Lokotoro ya hana. Ko loma ɗaya.” Ni ma na maimaita masa, na ce ba maganarta ba ce, maganar asibiti ce. Ya ce, “Na ji, na ji. Nasara da Basine ne za su koya mini yadda ake jinyar ɗan'uwana.” Ya ɗaure ƙunshin ya tura ƙarƙashin gado.

Washegari da la'asar Nuriyya na makaranta. Na raka Hassia cefane don kayan da nauyi. Muka bar su su biyu. Da muka dawo, tun daga matakala muka ji nishi. Takardar kilishi da dambu a buɗe kan bargo, yatsun Alhaji jajir da yaji da mai, shi kuma ya naɗe kamar tabarma, gumi na zuba. Ilya na tsaye jikin bango yana cewa, “Kaɗan ne fa ya ci, shi ya roƙe ni.” Hassia ta juyo gare ni. Ta ce mini, “Kira motar asibiti.” Ta kwashe takardar ta cusa a jakarta, ta goge wa Alhaji hannu, ta ɗora kansa a cinyarta. A asibiti ita ta fiddo takardar ta nuna wa lokotoro, don ya san abin da zai nema.

Aka sake buɗe shi. Ban ce kilishi ya kashe Alhaji Siddiq ba, ku ji ni da kyau. Ajali ya kashe shi, kuma lokotoro ya ce ciwon dama ya yi nisa fiye da yadda suka zata. Abin da na ce shi ne, ba yunwa ba ce. Ya farfaɗo na ɗan lokaci kafin ya cika. Ni da Hassia ke gefensa, Nuriyya ta fita kiran gida. Ya ce, da muryar da sai ka sunkuya, “Ni na ce ya ba ni. Ƙamshin hannunta na ji, na kasa. Kada Zouera ta ji. Don Allah kada Zouera ta ji.” Muka ce mun ɗauka.

Ilya ya raka gawa gida. Kafin a yi bakwai magana ta cika Maradi: wai an damƙa Alhaji hannun wata mata da ta koyi girkin Sinawa, ta hana shi abinci, sai ruwan shinkafa da saiwoyin arna, har ya bushe. Ya riƙa nuna hoton Alhaji a salula, ƙasusuwan wuya a waje, yana cewa ku duba. Ilya tsoro ya ji. Ya san shi ya miƙa, ya riga kowa magana don kada a riga shi. Shi wannan na gane masa, ko da ban yafe ba. Waɗanda ban gane wa ba mu ne.

Maganar ta dawo Paris kafin Ilya ya huce gajiya. Ƙarƙashin gadar metro ta Barbès, a shagon salula, a ƙofar masallaci bayan Juma'a, mutanen da Hassia ta goge wa amai suka riƙa cewa, “Ai dama ni ban taɓa yarda da abincin nan ba.” Aka sa mata suna Mai Yunwa. Yara suka ɗauka. Kuma abin kunyar, ba a daina kiranta ba. Mutum zai zage ta da rana a majalisa, in an kwantar da matarsa ya kira ta a ɓoye, ya ce, “Hajiya, ki taimaka, amma ki ba wani ya kawo, kada a ga kin shigo.” Ta dafa, ta ba wani ya kai. Wallahi na ga wannan ba sau ɗaya ba.

Nuriyya ba ta san komai ba. Da ta dawo daga makaranta ranar, an riga an tafi da mahaifinta, an ce mata ɗinki ne ya saki. Kawunta ya faɗa mata nasa. Ba ta zagi Hassia ba, yarinya ce mai tarbiyya, amma ta daina gaishe ta. Wadda suka kwana ɗaki ɗaya, wadda take kira Inna.

Na je wa Hassia a fusace. Na ce zan tashi a masallaci in faɗi komai. Tana tace romo, ko juyowa ba ta yi ba. Ta ce, “In ka faɗa a Barbès da hantsi, kafin la'asar Zouera ta ji a Maradi. Mi Alhaji ya ce?”

Na ce, “To sunanki fa?”

Ta ce, “Ni in an zage ni, in yi alwala in yi barcina. Ita in ta ji dambun da ta yi da hannunta ne, ba ta ƙara barci har ta mutu. Kai dai cikinka ya yi girma, zauna in ba ka abin da zai sassabe shi.”

Bayan 'yan shekaru mahaifiyar Hassia ta rasu, ta je gida zaman makoki. Ta shiga madafi ta yi wa masu gaisuwa tuwo, kamar yadda ɗiya ke yi. Ƙanwarta ta faɗa mini, mata suka riƙa tambaya a hankali wa ya yi girkin, da an ce Hassia sai su ce sun ƙoshi. Kwanoni suka koma a rufe. A makokin uwarta. Ta dawo Paris, washegari tagar nan ta yi gumi.

Hassia, ke ce kika ɗauki laifin da ba naki ba kika goya shi shekara da shekaru, don wata mata da ba ki taɓa gani ba ta samu barci. Ke ce kika ciyar da bakin da ya zage ki, kuma ba ki rage masa citta ba. Uwar majinyata, ta Mokoyo mai tukunyar ƙasa. Mun yi ta neman waliyyai cikin masu rawani, ke kina wucewa ta gabanmu da keken cefane muna matsa miki hanya don kada ki taɓa mana riga.

A Lyon ɗin nan da abin ya faru, mutanen garin na taƙama da waɗansu mata da suka fara da aikatau a gidajen masu kuɗi, daga baya suka buɗe gidajen abinci. An rubuta su a littafi, an buga sunansu a ƙofa, baƙi na zuwa daga nesa don su ci a inda suka taɓa girki. Na tambaya, an ce yawancinsu ko makarantar kirki ba su yi ba. Nasara ya rubuta kukunsa, Basine ya rubuta kununsa. Mu abin da muka iya yi wa tamu shi ne laƙabi.

Hajiya Zouera ta rasu cikin azumin bara, Allah ya haɗa ta da mijinta a aljanna. Ta tafi ba ta ji ba. Alkawarin da muka ɗauka ya cika, ya ƙare. Amma ban so Nuriyya ta tsinci maganar a bakin duniya ba, don haka na hau jirgin ƙasa na same ta a Lyon. Yanzu ma'aikaciyar kantin magani ce, da aurenta da 'ya'yanta. Muka zauna, na faɗa mata daga farko har ƙarshe. Ta ce, “Baba Saley, yajin Mama ne na ji a bargonsa da na je kwashe kaya. Na ji, na ce wa kaina ƙamshin jakar Baba Ilya ne.” Sai ta rufe fuska. Na bar ta ta yi kukanta.

Na kira Ilya. Bayan gaisuwa na ce masa ga abin da zan rubuta, in yana so ya riga ni, ƙofa a buɗe take. Ya ce, “Haba Alhaji, tsohuwar magana? Ka bar matattu su kwanta.” Na ce matattu sun kwanta, mai rai ce za ta dawo gida. Ya ce layin ba ya ji, ya kashe.

Wadda ta fi ba ni wuya Hassia ce. Da na faɗa mata na je Lyon, ta ajiye ludayi. “Wa ya aike ka? Ya ce kada Zouera ta ji. Bai ce Nuriyya ta ji ba. Yanzu ka ɗauke kayan daga kaina ka aza wa marainiya, ka ji daɗi?” Na ce mata dai ƙarya ma kaya ce, kuma yarinyar ta isa ta zaɓi wanda za ta ɗauka. Ta ce in fita mata daga madafi.

Asabar da ta wuce Nuriyya ta zo Aubervilliers. Ni na hawo da ita. Hassia ta buɗe ƙofa. Nuriyya ta durƙusa a nan bakin ƙofa, kan siminti, da tufafinta masu kyau. Ta ce, “Inna.” Iyakar abin da ya fito ke nan.

Hassia ta ce, “Tashi, ke, maƙwabta na kallo. Dubi idonki. Kina barci kuwa? Fiddo harshe in gani.”

Da suka natsu, Nuriyya ta ce ta ɗauki hutu, ta yanki tikiti a jirgi ɗaya da ita. Ta ce ta kira yayyenta maza ta faɗa musu, biyu sun yarda, ɗaya ya ce sai ya ji daga bakin kawunsu. Ta ce, “Inna, in mun sauka zan riƙe hannunki har ƙofar Baba Ilya, ya maimaita a gabana.”

Hassia ta ce, “Ba ni zuwa ƙofar kowa. Na gama hawan benen mutane. Mai magana ya san gidan uwata.”

To jama'a, kun ji. Na gode miki, Hassia, a madadin Siddiq da ba ya nan, da Zouera da ta yi barcinta ba ta san wa ya saya mata shi ba, da duk wanda ya taɓa buɗe tarmos ɗinki. Allah ya saka miki, ya ba gwiwarki sauƙi, ya sa ki daɗe kina shan iskar gida.

Ku 'yan Paris, sauran 'yan kwanaki. Masu 'ya'ya da suka iya rubutu, mata da maza, ku turo su su zauna a madafinta, su tambaya, su rubuta, za ta zage su amma za ta faɗa musu. Mai zuwa dubiya, kafin ka ɗaure ƙunshi ka tambayi abin da cikin majinyaci zai ɗauka, girmanka ba zai ragu ba. Kuma duk wanda ya san ya taɓa cewa Mai Yunwa, ba na son ya kira ta a ɓoye ya ce ta yafe. A majalisar da ya faɗa, a nan zai warware, da ƙarfin muryar da ya faɗa.

Ku kuma mutanen Maradi, gidan yana Mokoyo, ba wanda bai san shi ba. Ta ce ba za ta je ƙofar kowa ba, kuma na san ta, ba za ta je ba. Za ta shimfiɗa tabarma ta zauna. Alhaji Ilya, daga gidanka zuwa can ko mota ba ka bukata.

Saley mai kwantena, Aubervilliers